Malamar da Ta Tambayi Kawunta Wa Ya Faɗa Masa

"Ba zan tura ba, Yallaɓai."

Haka Malama Huseina ta ce wa firinsifal ɗin makarantarmu ta 'yan mata a Gwandu, a ofishinsa, da hantsin wata Litinin. Ina tsaye a bakin ƙofa rungume da littattafan ɗalibai, domin a lokacin ina koyon aikin koyarwa a ƙarƙashinta. Ba ta ɗaga murya ba. Wayarsa ce a hannunta, ta gama kallon wani bidiyo, ta ajiye masa ita a kan tebur kamar mai mayar da kwanon aro.

Ya ce, "Malama, ba shawara nike nema ba. Guruf ɗin iyaye na Wasaf a hannunki yake. Ki sa shi da sunan makaranta, yanzu."

"Wa ya ɗauki bidiyon?"

"Alhaji Jibrin ya turo mini."

"Shi ya ɗauka?"

Firinsifal ya cire tabarau ya dube ta. "Kawunki ne fa."

"Na sani, Yallaɓai. Shi ya sa zan iya zuwa in tambaye shi."

Zan faɗi abin da ke cikin bidiyon, amma bari in fara da dalilin wannan rubutu. A watan jiya an yi taron karrama malamai a garin nan. An kafa rumfa, an kawo lasifika, an kira sunaye har na wanda ya ba da aron kujeru. Na zauna har aka shafa fatiha ina jiran in ji sunan matar da ta fi shekara goma sha biyar tana koyar da kwamfuta a makarantar nan, ban ji ba. Ba ta mutu ba, ba ta yi ritaya ba, ba a kuma manta da ita ba. Da gangan aka tsallake ta. To, tunda lasifika ta gagara, ga alƙalami.

Duk wadda ta yi makarantarmu ta san safiyar Malama Huseina. Ita ce take fara isowa, a ƙasa, da jaka ɗaya da laima. Ta buɗe ɗakin kwamfuta, ta ɗage tsofaffin zannuwanta da take rufe na'urorin da su, ta kakkaɓe kashin ɓera, ta danna makunni ko Allah zai sa an kawo wuta. Yawanci ba a kawo ba. Janareton makaranta kuwa ba ya tashi sai in manyan baƙi za su zo. Da wani malamin ne, da sai ya cika allo da sunayen sassan kwamfuta, ya ce a kwafa, ya koma gindin bishiya. Ita kuwa sai ta ce, "Kwamfutar da za ta cuce ku ba wagga ce da ke barci ba. Tana cikin ɗankwalin uwayenku."

Waya take nufi. Da wayarta ta koyar da mu. Takan kunna mana saƙon murya irin wanda ke yawo a Wasaf, ta bari ya ƙare, sannan ta ce, "Wa ya ce?" Mu ce wani malami ne. "Wane malami? A wane gari? Shi ya gani ko faɗa masa anka yi?" Har muka sa mata suna Malama Wa-Ya-Ce, ta kuma sani, ba ta damu ba. Ta koya mana mu tsayar da bidiyo mu karanta lambar mota da allon shago, mu dubi irin suturar mutane, mu lura ko ana ruwa a hoton da aka ce jiya aka ɗauka alhali muna tsakiyar rani. Ta nuna mana yadda ake saka hoto a manemi na intanet a ga ranar da ya fara fitowa. Abin da ta fi nanatawa shi ne mafi sauƙi: in an ce abu ya faru a Ceberu, ki kira wadda kika sani a Ceberu.

Wata rana ranta ya ɓaci da mu, ta ajiye alli ta ce, "Ku fa 'yan garin malamai ne. Kakanninku ba su karɓar hadisi sai sun san wa ya ji daga wa, har a kai tushe. Ku kuwa murya marar fuska ta ce ku gudu, sai ku kwashi takalma."

Ranar Asabar da safe zaurenta na matan unguwa ne. Galibinsu ba su karatun boko, saƙon murya shi ne jaridarsu, shi ne asibitinsu. Kowace ta zo da wayarta a ƙulle a gefen zane. Na sha zama a wurin ina taya ta. Wata tsohuwa ta taɓa miƙa mata waya tana cewa, "Malama, wanga kam gaskiya ne, ki ji yadda ya rantse."

Ta ce, "Hajiya, mai maganin ƙarfe na kasuwa ma rantsuwa yake. Kin taɓa ba shi wuyanki ya gwada?"

Aka kwashe da dariya, tsohuwar ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido, ɗiyar nan."

Kada wani ya ɗauka ita mai ƙaryata komai ce. Akwai daminar da saƙo ya zo cewa ruwa na tafe, masu shinkafa a fadama su kwashe abin da za su iya. Mutane sun gaji da irin wannan saƙo, suka share. Ita ta kira waɗanda ta sani a garuruwan da ruwan ya riga ya wuce, ta tabbatar, sannan ta bi gida gida da ƙafarta. Waɗanda suka saurare ta sun tsira da wani abu. A wannan makon kowa ya ce Malama Huseina 'yar albarka ce. Mutanenmu suna son mai bincike matuƙar binciken bai zo ƙofar gidansu ba.

To, ga abin da ke cikin bidiyon ranar Litinin. Yara ne kwance a daɓen wani asibiti, suna amai, mata na kuka a kansu. A kan hoton an ɗora muryar wani namiji, da irin Hausarmu, yana cewa a Gwandu abin ya faru. Ya ce wata Bafillatana mai sayar da nono a ƙofar makarantar 'yan mata ce 'yan bindiga suka ba guba ta zuba. Ya rufe da cewa duk wanda ya ji bai tura ba, alhakin yaran na wuyansa.

Mai nono ɗaya ce a ƙofar makarantarmu. Sunanta Inno, daga wata ruga ta wajen Dodoru take tasowa. Tun ina aji ɗaya take zama a gindin dalbejiyar bakin ƙofa da ƙorenta, fayafayanta a jere, tana dama mana fura tana yi mana faɗa in mun zubar. Duk wanda yake zaune a ƙasar nan a shekarun nan ya san abin da ke faruwa da wanda aka ce yana aiki da 'yan bindiga. Ba a jiran alƙali.

Kafin a tashi makaranta ranar, Malama ta yi abin da ta koya mana. Ta zaga ajujuwa, ba yarinyar da aka ce ta kwanta ciwon ciki. Ta kira wata tsohuwar ɗalibarta da ke aikin jinya a garin, ta ce ba a kawo musu kowa ba. Ta tsayar da bidiyon ta nuna mini rubutun da ke jikin bangon asibitin. Ba Hausa ba ne, ba Turanci ba ne, ba Larabci ba ne. Da ta saka hoton a manemi, sai ga shi ya shekara da shekaru yana yawo, daga wata ƙasa mai nisa. Ta kai wa firinsifal duk wannan. Ya ce ya ji, amma Alhaji Jibrin shi ne shugaban ƙungiyar iyaye, kuma rigakafi ya fi magani. Yana faɗa ya tura saƙon da kansa.

Sai ta ce mini, "Rumaisa, ɗauko mayafinki. Bidiyon baƙo ne, amma muryar tamu ce. Sai mun bi sawunta."

A nan ne wanda ba ɗan ƙasar nan ba zai kasa gane nauyin abin. A wurinmu, in babba ya ba ka labari, "to" kake cewa. Ka tambaye shi wa ya faɗa masa, daidai yake da ka ce masa maƙaryaci a gaban 'ya'yansa. Balle kawu. Balle kuma wannan kawun, ƙanen mahaifiyarta, wanda ya riƙe su bayan rasuwar mahaifinta, wanda har yau mahaifiyar tata a gidansa take zaune.

Bayan la'asar muka same shi a zaure da wasu dattawa biyu. Malama ta tuɓe takalma, ta durƙusa, ta gaishe shi. Ta jira baƙin su tafi, suka ƙi tashi. Rana na sunkuyawa, saƙo na tafiya. Sai ta ce, "Kawu, saƙon nan na mai nono, ina son in san wa ya turo maka."

Dattawan suka dubi juna. Alhaji Jibrin ya ajiye carbinsa.

"Mi kinka ce, Usai?"

"Ba kai nike tuhuma ba, Kawu. Mai muryar nike nema."

"Ni na ɗauke ki bisa kekena na kai ki makaranta. Yau karatun ya yi yawa har an zo a bincike ni a zaurena." In zan yi adalci, ba girman kai kaɗai ba ne. Ya ce, "Jikokina biyu na makarantar nan. Kina son in yi shiru har a kawo mini gawa?"

"Inno ma tana da jikoki, Kawu."

Sai ya tura wayarsa a kan tabarma da yatsa ɗaya. "Duba. In kin gama ki tashi."

Ta duba. Wani direba ne mai suna Habibu, ɗan tashar Kalgo, ya turo masa. Ta mayar da wayar da hannu biyu, ta yi godiya. Ya ɗauki carbinsa ya juya ga baƙinsa.

Kashegari da safe Inno ta zo kamar kullum. Ba ta da babbar waya, ba wanda ya je rugarsu ya gaya mata. Ta sauke kaya ke nan samari suka taru. Da farko zagi ne, sannan wani ya sa ƙafa ya ture babbar ƙwaryar, nono ya malale a ƙasa. Wani ya yi jifa daga baya, dutsen ya same ta a goshi. Malamai maza suna tsaye a cikin harabar makaranta suna kallo ta saman katanga. Na san su, na san sunayensu, wasunsu an karrama su a watan jiya.

Malama Huseina ta ratsa taron da laimarta a naɗe. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Ta zauna a ƙasa kusa da Inno, ta ɗauki ƙaramar ƙwaryar da ta rage, ta gutsura fura ta dama, ta kai ludayi baki. Ta sha, ta ƙara, tana kallon samarin ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunan uwar kowanne. Sannan ta waiwayo ta ce, "Rumaisa, zo ki sha. Ko ke ma sai an turo miki izini ta waya?"

Na sha. Ga ni nan kuma ina rubutu.

Taron ya fara ragewa ta baya, kamar yadda irin wannan taro yake yi in an kira sunan uwa. Inno tana dafe da goshi, jini na bin yatsunta, ta ce, "Malama, mi na yi musu? Wanga yaro da ya ture ƙwaryar, ni na dama wa uwarsa hura tana da cikinsa."

Malama ta kai ta asibiti aka ɗinke wurin, ta ajiye ta a gidanta har danginta suka zo suka tafi da ita.

Da an bar ni, a nan zan ce aiki ya ƙare. Ita ta ce bai ƙare ba, domin muryar na nan tana yawo, kuma akwai masu nono a kowane gari. Muka shiga mota, muka bi ta Birnin Kebbi, muka sauka a tashar Kalgo da rana tsaka. Mata biyu da laima suna tambayar direba Habibu, sai da tasha ta tsaya kallo. Habibu ya saurari saƙon, ya yi dariya ya ce, "Ai wannan muryar Bashir ce. Ga shi can yana lodi."

Bashir ɗan kamasho ne, mai fara'a, da tawul a wuya. Ya zo yana goge hannu. Malama ta kunna masa. Ya saurara yana gyaɗa kai kamar mai jin karatunsa.

"Muryata ce, Malama, ban musu."

"Ka ga yaran?"

"Na gan su a bidiyo, kamar yadda kinka gani."

"A Gwandu?"

Ya sosa ƙeya. "To, ai turo mini anka yi, wani yare suke yi, mutanenmu ba su ji. Na ga yara na wahala. Sai na ce bari in yi bayani don a kiyaye. Lada nike nema, wallahi."

"Wa ya ce maka guba ce a nono?"

"Na ga kamar da farin abu a ƙasa."

"To Gwandu fa, ina ka samo ta?"

"Haba Malama. In ba ka ce kusa ba ne, wa zai kula?"

Direbobin da suka kewaye mu suka fara murmushi. Malama ta ce, "Matar ƙofar makaranta fa?"

"Bara na je biki Gwandu, na sha hurarta. Ita kaɗai na sani a garin."

"Ta yi daɗi?"

"Wallahi ta yi daɗi."

Tasha ta fashe da dariya. Wani ya ce, "Bashir, ashe haka kake biyan mai hura." Malama ba ta yi dariya ba. Ta buɗe wayarta ta nuna masa hoton goshin Inno da ɗinkin a jiki. Ta ce, "Ga ladar taka."

Ban taɓa ganin fara'a ta bar fuskar mutum da sauri haka ba. Ya zauna a kan benci. Ya ce shi bai ce a jefe ta ba. Malama ta ce ta sani, amma murya tasa ce, don haka da ita zai warware. Ya yarda. Sai dai duk ɗaukar da aka yi sai ya ce "wai an ce ba gaskiya ba ne", ita kuma ta goge ta ce ya sake. "Ba wai. Lokacin da kake ɗora mata guba ba ka ce wai ba." A ƙarshe ya faɗi sunansa da tasharsu, ya ce shi ya ƙirƙiro garin, shi ya ƙirƙiro matar, ba yaron da ya mutu, yana neman gafarar Inno da ta Allah.

Malama ta saka wannan a guruf ɗin iyaye, da ɗan bayani a kan inda bidiyon ya fito. Ba ta ambaci firinsifal ba, ba ta ambaci kawunta ba.

Abin da ya biyo baya shi ne yake hana ni haɗiye fushina har yau. Saƙon farko, a wuni ɗaya ya shiga kowace waya daga nan har Diggi. Na biyun kuwa, mutanen da suka ce alhakin yara ne ya sa suka tura, ba su ga alhakin Inno a wuyansu ba. Kaɗan ne suka tura. Ana cewa in ƙarya ta yi gudun shekara, rana ɗaya gaskiya za ta kamo ta. Masu wannan karin magana su je rugar su Inno su faɗa mata. Ba wanda ya yi fushi da Bashir, shi ai lada yake nema. Ba wanda ya tambayi firinsifal komai. Duk fushin garin a kan Malama ya sauka. A majalisa, a gidan suna, a bakin famfo, magana ɗaya ce: ta kunyata kawunta a gaban baƙi saboda mai nono. Wata mata da ta sha zama a zaurenta ranar Asabar ta ce mini, "Gaskiya gare ta, amma ba ta da kunya." Na ce, "To, da kunyar za a ɗinke goshin?" Ta ce ni ma boko ya lalata ni.

Firinsifal ya karɓe guruf ɗin iyaye daga hannunta. Kafin zangon karatu ya ƙare, aka ce daga sama an mayar da ita wata makaranta a wajen Diggi, can ƙaramar hukumar Kalgo, wai ana buƙatar gwanintarta a can. Makarantar ba ta da kwamfuta ko ɗaya.

An ba ta hanyar tsira, kada a ce ba a ba ta ba. Dattawa suka ce ta je ta durƙusa ta ce wa kawunta ta yi kuskure, shi kuma zai yi magana a bar ta a Gwandu. Ta je, ta durƙusa. Ta ce ta ba shi haƙuri a kan ɓacin ransa, da kuma tambayar da ta yi a gaban baƙi. Aka ce ta ƙarasa, ta ce bai kamata ta bincika ba. Ta ce, "Wannan kam ba zan iya faɗa ba, don in gobe anka sake, zan sake." Ta tashi ta je ta haɗa kayanta.

Na je na gan ta a Diggi bayan girbi. Ɗaki ɗaya ta kama a Kalgo, kullum ta hau babur zuwa makaranta. Na same ta a aji ta kunna wa yara saƙon murya. Da yamma matan masunta suka zo da wayoyinsu a ƙulle a gefen zane. A tashar Kalgo wasu direbobi kan tare ta su ce, "Malama, duba mana wanga kafin mu tura." Wasu kuma in sun hango laimarta sai su soke waya a aljihu. Bashir yana nan, har yanzu yana tura duk abin da ya shigo masa, sai dai ya daina ɗora murya. Ita ta ce wannan ma ci gaba ne. Ni ban da irin haƙurinta.

Malama, ke ce kika zauna a ƙasa ranar da maza suka tsaya a bayan katanga. Ke ce kika nuna mana cewa mace za ta iya durƙusa wa babba kuma ta ƙi karɓar abin da ba ta tabbatar ba, duka a zama ɗaya. Ƙaya a hanyar ji-ta-ji-ta, wadda ba a taka ki a wuce. Ba ki taɓa ce mana mu raina kowa ba. Cewa kika yi mu tambaya, kuma da aka zo kan naki, ba ki canza darasi ba. Mu da muka zauna a gabanki muna warwatse yanzu, wasu a asibiti, wasu a aji, wasu a ɗakunan aurensu, kuma kowaccenmu yatsanta yakan tsaya kafin ta tura abu. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiya, ya huce zuciyar waɗanda suke fushi da ke.

Ku kuma masu karatu, ba na roƙon ku yi mata taro. Abin da nake roƙo ƙarami ne kuma yana da wuya. In saƙo ya shigo wayarku da sunan wani, ko kamanninsa, ko inda yake zama yana neman abincinsa, ku tsaya. Ku kira wanda yake wurin. In babba ne ya turo, ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi. Ku iyaye da kawunnai, in ɗanku ya tambaye ku inda kuka ji, ba zaginku ya yi ba, yana hana ku ɗaukar jinin wani ne. Ku malamai, ku koya wa yara wannan ko da wuta ko ba wuta.

Amma ba zan yaudare ku in ce abin kyauta ne ba, don na ga abin da ya ci. Inno tana raye, tabon na goshinta, kuma ba ta sake zama a ƙofar makarantarmu ba. Malama Huseina ta rasa ɗakin kwamfutar da ta share shekaru tana kakkaɓewa. 'Ya'yanta suna Gwandu wurin mahaifinsu, sai ƙarshen mako take ganinsu. An aurar da 'yar Alhaji Jibrin bayan Sallah, an raba goro gida gida a unguwar, an tsallake gidan Malama. Ya kuma ce kada ta sake taka masa zaure. Mahaifiyarta tsohuwa ce, a gidan kawun take. In Malama ta iso ranar Juma'a, sai tsohuwar ta ɗauki sandarta ta fito a hankali, su gaisa a gidan maƙwabta.